Gargaɗi Ga Masu Biro Kafin Masu Gatari

Jama'ar Katuru da Shinkafi, da na Zurmi da Ƙauran Namoda, gargaɗi na zo da shi a kan icce da zafi da ruwan sama, kuma da kaina zan fara, domin wanda ya fi kowa cancantar jin sa a wannan karon shi ne irina, mai riƙe da alli da biro, mai karɓar albashi a ƙarshen wata.

A ƙarshen hunturun bara aka gayyace ni taron bita a Abuja kan sauyin yanayi. Kwana uku muka yi a wani otel, na'urar sanyaya ɗaki na ta huci har sai da wasunmu suka nemi rigar sanyi, ana ta jera mana ruwan gora, kowa ya kurɓi rabi ya bar saura. Aka raba mana jaka mai hoton koren ganye, aka ba mu alawus, muka watse. A hanyar dawowa, da na wuce Ƙaura, na ga buhunan gawayi a jere a bakin titi. Gas ya yi tsada, maiɗakina ta daɗe tana mita, sai na tsaya na sayi uku na cusa a but. Daga nan na zarce Katuru gaida Baba, yayan mahaifina. Yara na sauke tsaraba, tsohon ya hango buhunan. Ya zaro gawayi biyu ya ƙwanƙwasa su da juna, suka yi ƙara kamar ƙarfe. Ya ce, “Wanga ƙirya ta.” Ya juya shi a hannu, sannan ya dube ni. “Ɗana, an ce mini ka tahi Abuja koyo yadda za a tsare icce. To wanga hwa?” Na fara kame-kame, ina batun tsadar gas. Ya ce, “Ban ce ka yi laihi ba. Amma in an tashi zagi, mu aka zagi, mu masu gatari. Mu ka sara, ku ka saye.”

Ban sami amsa ba a ranar, jakar nan mai koren ganye kuwa tana kan kujerar gaba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa, kowa ya ji shi a jikinsa. Ku tuna azumin 2024. A ranar 3 ga Afrilu na shekarar, ma'aunin zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffin da zafi ya kayar. Masanan da suka bi diddigin wannan zafi sun ce da ba don ɗumamar da hayaƙin man fetur da gas da kwal ya jawo wa duniya ba, da bai kai haka ba. Mu nan ba mu buƙaci ma'auni ba, mun ga yadda mutane suka riƙa jiƙa zani suna lulluɓa kafin la'asar. Shekarar ta ƙare a matsayin mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya zuwa lokacin. Kuma bazara a ƙasarmu tana zuwa da 'yan rakiya. Annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 1,000 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017, a ƙaramar hukumar Zurmi aka fara ganin ta, Zamfara ce kuma ta fi kowace jiha jin jiki. Cuta ce mai son busasshiyar iska da ƙura da cunkoso a ɗaki.

Ruwan sama shi ma ya sake hali. Iyayenmu sun san fari: na 1973 da na 1984 suna nan a bakin duk wanda ya haura sittin, kakanni kuma suna ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942. Bayan shekarun farin nan ruwa ya dawo, sai dai ba irin wanda aka saba da shi ba. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Manomi ya san fassarar wannan ba tare da ya karanta ba. A yi ruwan shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone a sake neman iri. Can cikin Agusta kuma ruwan mako uku ya sauko a dare ɗaya, ya kwashe taki da ƙasar sama ya zuba a kogunan Gagare da Bunsuru, ya bar zaizaya a tsakiyar gona. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan. A damina ta 2024 Gummi ta sha ruwa, a watan Satumba dam ɗin Alau ya ɓalle ya shanye Maiduguri, a Mayun 2025 kuma aka wayi gari da musibar Mokwa. Duk wanda yake ganin Shinkafi, da ke zaune a bakin fadama, ta fi ƙarfin irin wannan, to bai duba da kyau ba.

Akwai wata gaskiya da ya kamata mu masu boko mu riƙa faɗa wa mutane ba tare da ƙumbiya-ƙumbiya ba. Ba mutanen Katuru ne suka ɗumama duniya ba. Afirka duka, hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Ɗan Najeriya a matsakaici bai fitar da tan ɗaya a shekara, ɗan Amurka kuwa yana haura tan 13. Ko da yau kowace mace daga Moriki zuwa Badarawa ta kashe murhunta, zafin Afrilu ba zai ragu ba. Wannan bashi ne a wuyan manyan ƙasashe, kuma haƙƙin gwamnati ne ta bi shi. Amma yadda zafin zai same mu, a inuwa ko a fili, da yadda ruwan zai same mu, a ƙasa mai saiwa ko a fako, wannan a hannunmu yake. Icce shi ne katangar da ta rage tsakaninmu da abin da ke tafe, mu kuma muna cinye katangar buhu-buhu.

Ga yadda lissafin yake. Gawayin da ake yi ta hanyar binne icce a rufe da ƙasa a kunna wuta, kafin a sami buhu ɗaya sai an ƙona iccen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Mai gawayi kuma ba ya neman sabara ko geza, mai nauyi yake so, ƙirya da marke da kaɗanya, itatuwan da sukan yi shekaru da dama kafin su isa sara. Wa ke saye? Talakan ƙauye kara da kashin shanu da ƙirare yake girki da su. Buhun gawayi na mai albashi ne: malamin makaranta, ma'aikacin ƙaramar hukuma, lakcara, likita. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kaya suka tashi, gidaje da yawa da suka saba da gas suka tura tukunyar ƙarƙashin gado suka koma kurfoti. Na san ciwon, albashi ba ya kaiwa. Sai dai idan mai digiri uku ya ce ba shi da zaɓi, me matar da aka kora daga ƙauyenta za ta ce?

Ita dai ba zan ɗora mata laifi ba. Rashin tsaro ya hana mutane shiga dazukan Sububu da Dumburum, ya hana da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Gatari bai huta ba saboda haka, dawowa ya yi kusa da gari. Duk wanda ya san bakin Shinkafi ko Zurmi ko Ƙaura shekara goma da suka wuce, ya je ya duba yau. 'Yan gudun hijira ba su da gona ba su da jari, abin da za su sayar su ci shi ne damin icce, don haka darbejiyar makabarta da tsamiyar bakin hanya suke ta ragewa. Wasu kuma kan ce ai sauyin yanayi ne ya haifar da 'yan bindiga. Ban yarda a wanke mai kisa da wannan sabulu ba. Amma wanda ya ga yadda aka cinye burtali da makiyaya da mashaya aka mai da su gonaki, alhali ciyawa na raguwa, ya san cewa wutar ta tarar da busasshen kara.

Yanzu bari in juyo kanmu sosai, 'yan'uwana malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda take nan tun 1983, da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da na jami'ar jiha a Talatar Mafara, da kwalejin Maru da ta aikin gona a Bakura, da ɗiyan wannan yanki da ke koyarwa a Sakkwato da Zariya da Kano. A ƙasashen Turai malaman jami'a sun daɗe suna muhawara kan yawan hawan jirginsu zuwa taruka, wasu ma sun yi alkawarin rage shi. Batun ya shafe mu, don tafiya ɗaya daga Abuja zuwa Landan da dawowa, kason hayaƙin fasinja guda ya fi abin da ɗan Najeriya ke fitarwa a shekara. Kafin ka cike takardar neman kuɗin TETFund na halartar taro, tambayi kanka ko maƙalar nan ta minti goma sha biyar ba za ta gabatu ta intanet ba. Ban ce kada a fita ba, malamin da bai cuɗanya da takwarorinsa yakan tsufa da ilminsa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a taron yanayi na Dubai a 2023 sunaye 1,411 aka rubuta daga Najeriya, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyi, ƙasa ta yi ta surutu.

Amma jirgi ƙaramin al'amari ne a wurinmu, lakcara nawa ne a Ƙaura ke hawa shi ko sau ɗaya a shekara? Namu laifin yana ƙasa. Mu ne idan Allah ya hore mana fili, abu na farko sai mu kira mai inji ya kwantar da kowace bishiya, mu malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, mu yi rufin kwano mai tsini irin na Legas a garin da rana ke narka kwalta, sannan mu sayo janareto don ya hura mana sanyin da muka kora da hannunmu. Ruwan saman da da zai nutse a gidanmu sai ya kwarara gidan maƙwabci mai ginin ƙasa. Mu ne ke haƙa rijiyar burtsatse, mu bar tanki na ambaliya tun safe har hantsi, rijiyoyin unguwa kuwa na ƙafewa. Mu ne ke sa ɗalibi ya buga kundin bincikensa kwafi huɗu, sau uku, don a gyara waƙafi. A makarantar da nake koyarwa, na taɓa ƙirga dashen da aka yi a wani bikin shuka bishiyoyi, an kira baƙi an ɗauki hoto an ci shinkafa. Bayan wata biyar na koma, ramukan kawai na tarar da kashin awaki. Ni ma ina cikin hoton, kuma ban taɓa kai wa ko ɗaya bokitin ruwa ba.

Dalilin da ya sa wannan ya fi ƙarfin a kira shi halin mutum shi kaɗai, shi ne ido yana kanmu. A ƙauye, gidan ɗan boko shi ne samfur. Yadda ya yi gini haka mai kuɗin gari zai yi, abin da matarsa ke girki da shi shi amare za su nema a kayan ɗaki. Ɗalibanmu dubbai ne, daga kowane lungu na Zamfara da Katsina da Sakkwato, kuma sun fi riƙe abin da suka gani a but ɗin motar malam fiye da abin da ya rubuta a allo. Idan ɗalibi ya ga malam da murhu mai tsimin icce, ko faranti biyu na sola a kan rufi, ko gawo da mangwaro a tsakar gida, ya koma garinsu da darasin da ba a yi masa jarrabawa a kai ba.

Sai kuma ilmin da muka kulle a kabad. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta shafe shekaru tana ƙera murhu mai rage cin icce da tukunyar dafuwa da rana da na'urar fitar da gas daga kashin shanu. Mace nawa a Katuru ta taɓa ganin ɗaya? A shekarun 1990 masana daga Sakkwato da abokan aikinsu na Jamus sun yi dogon nazari a makiyayar Zamfara, wajen Dumburum da Shamushalle, kan ciyawa da ƙasa da zaman manoma da makiyaya. Rubuce-rubucen suna nan da Turanci, jikokin waɗanda aka yi wa tambayoyin ba su san an yi ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, har da fassarar Hausa, tana faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda za a sami tsaiko. Malamin da ke da wayar karanta shi, me ya hana ya kai wa limamin garinsu a sanar bayan Juma'a? Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 tun 2019, a ƙasa guda da mu, rana guda da mu. Sashen lantarki da na gine-gine a Ƙaura suna da ɗaliban da za su iya fito da tsarin ɗaki mai sanyi da bulon ƙasa, da murhun da maƙeran gari za su iya kwaikwaya su kai kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Aikin kammala karatu da ya ƙare a kan shiryayye, asarar takarda ce.

Wanda ke cewa ƙasar nan ta riga ta mutu, ya tsallaka iyaka ya ga Maraɗi. Sun fi mu ƙarancin ruwa, sun fi mu kusa da hamada. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara abin da suke kira sassabin zamani: a kowane kututture a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a riƙa yi musu aski. Saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ta neman ban ruwa. Da farko mahaukaci aka ɗauki Rinaudo. Yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma manoma ne suka yi da wuƙa da adda. Abin da ya ƙara musu ƙarfi shi ne da manomi ya tabbata iccen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. A Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, manomin da bai yi boko ba, da ramukan zuba taki ya mai da fako daji. Shi da Rinaudo aka bai wa lambar yabo ta duniya a shekara guda, 2018.

Saboda haka, manoma, sassaben bana kada ku tone kututture, kada ku tara kara a kansa ku cinna wuta. Ku bar gawo musamman, shi da ke zubar da ganye da damina ya ba gero rana da taki, ya yi kore da rani ya ba dabba abinci. Masu gawayi, na san da shi kuke ciyar da iyali, amma ku kakkaɓe reshe ku bar uwa, ɗanyar ƙirya da kaɗanya da ɗorawa ku ɗauke musu gatari. Iyayenmu sarakuna da hakimai, dokar hana sare icce mai 'ya'ya tsohuwa ce a ƙasar Hausa, a farfaɗo da ita, kuma ta hau kan mai saye kamar yadda take hawa kan mai sara. Shugabannin ƙananan hukumomi, a yashe magudanai kafin ruwan farko, ledar fiya wata ta toshe kwalbatoci, kuma a daina yanka filaye a hanyar ruwa ko da wa ya zo nema. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, tana cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa, a shekarar ne kuma aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Kuɗi ne na jama'a, wani ma rance ne da jikokinmu za su biya. Mu da muka iya karanta kasafi, aikinmu ne mu tambayi abin da ya iso Shinkafi da Zurmi, bishiya nawa aka dasa, nawa ke raye.

Kafin nan, bazara na tafe. Daga Maris zuwa Mayu a riƙa leƙa tsofaffi da masu ciki da jarirai da rana tsaka, a matsa musu shan ruwa, a buɗe tagogi da dare, a rage cunkoso a ɗakin kwanan almajirai da na ɗalibai. Wanda ya ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko wanda rana ta buga har ya fara sambatu, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira gobe. Idan an kawo rigakafin sanƙarau a fito da yara.

Buhunan nan uku mun ƙona su, ba zan yi ƙarya ba. Na huɗu ne ban sayo ba. Na koma cika tukunyar gas rabi-rabi gwargwadon aljihu, na sa wani maƙeri ya yi mana murhu mai rufaffen ciki da ke cin ƙirare kaɗan. A gonar gadonmu ta Katuru, ni da Baba mun zaga da tsumma ja muka ɗaure wa kututture 17, na gawo da kalgo da ƙirya biyu, don kada 'yan ƙwadago su sassabe su. Da na tambaye shi ko za su tashi, sai ya ce in dawo bayan an yi girbi in ƙirga da kaina, kuma in zo da ɗalibaina, kowa da addarsa.